Wace manhaja ɗaya ce za ta buɗe mini zip, rar, 7z da tar ba sai na haddace umarni biyar ba?

Mai_filashin_Ikeja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran waya a Computer Village, shagon maigidana yana ta wajen Otigba. Wata uku ke nan da na sa Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta, a tsohuwar kwamfutar shagon, don ta daina nauyi, kuma wallahi na ji daɗinta. Matsalata ɗaya ce. Fayilolin filashin da muke saukewa, wato manhajar da ake sake zuba wa waya, kowanne da irin ɗaurinsa: wannan zip, wancan rar mai kashi uku, na Samsung kuma tar.md5, in ka buɗe shi ka tarar da boot.img.lz4 a ciki. Na rubuta umarnin kowanne a bayan katin caji na manna a jikin allo, unzip, unrar x, tar xzf, tar xjf, har katin ya cika.

Jiya wata baiwar Allah ta taso tun daga Mile 12 da wayarta da ta tsaya a tambari. Na sauke fayil mai kusan giga 3, sunansa ya ƙare da .zip, amma unzip ya ce bai ga ƙarshensa ba. Na goge na sake saukewa, data ta tafi a banza, amsa ɗaya. Tana zaune a kan benci da goyo har la'asar, ƙarshe na ba ta haƙuri ta tafi. Abin ya tsaya mini a rai. Shin akwai manhaja ɗaya da za ta gane kowane iri da kanta?

Baban_Agege:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka nemi sabuwar manhaja, rubuta file sannan sunan fayil ɗin, ka danna. Ina kyautata zaton abin da ka sauke rar ne aka laƙaba masa sunan zip. Masu ɗora waɗannan fayiloli suna yawan yin haka.

Sunan da ke wutsiyar fayil kowa na iya canza shi, amma bayit ɗin farko, wato alamomin da ke farkon cikin fayil, ba sa ƙarya. Zip yana farawa da haruffa biyu, PK, wato harufan sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro shi a 1989. Rar yana farawa da Rar!, bzip2 da BZh, gzip kuma da 1F 8B. Su umarnin file yake dubawa. Shi unzip a ƙarshen fayil yake neman jerin abubuwan da ke ciki, domin can zip yake ajiye shi. To ka ga ko fayil ɗin bai gama sauka ba, ko kuwa tun asali ba zip ba ne, kuka iri ɗaya zai yi maka. Shi ya sa ka ɗauka saukewar ce ta lalace.

Abin da nake amfani da shi shi ne bsdtar. Sa libarchive-tools, sai ka riƙa rubuta bsdtar -xf da sunan fayil, shi ke nan. Zip, 7z, rar, iso, tar da aka matse da gzip ko xz ko zstd, duk yana leƙa cikinsu ya gane, bai damu da sunan ba. Shi ne ma tar ɗin da ke cikin Windows 10 tun 2018. Yage katin nan.

Injiniya_Yaba:

Baba ya faɗi gaskiya, amma kada ka yage katin duka tukuna, Malam. Bsdtar ba ya buɗe rar mai kalmar sirri, kuma ku masu filashin rabin fayilolinku a kulle suke zuwa. A nan sai 7-Zip na Igor Pavlov, umarninsa 7z x, ko kuma unrar. A Ubuntu ɓangaren rar na 7-Zip daban ake sa shi, saboda lasisin rar ba a sake yake ba. Eugene Roshal ne ya ƙirƙiro rar a 1993, an yarda kowa ya buɗe, amma ba a yarda a yi amfani da rubutun da aka gina unrar da shi wajen ƙera manhajar da ke haɗa rar ba. Don haka duk manhajar kyauta da ta ce tana ɗaukar rar, buɗewa take nufi.

Akwai abin da ya taɓa ƙona ni, shi ya sa nake son ka fahimce shi. Tar ba ya matse komai, tara fayiloli kawai yake yi a ƙunshi ɗaya, tun zamanin da ake ajiya a kan tef. Gzip, xz, zstd da lz4 kuma matsewa kawai suka iya, fayil ɗaya tak. Zip, rar da 7z su ne ke yin aikin biyu a haɗe. To in ka ba 7z fayil mai tar.gz, zai cire matsin ya miƙo maka tar, sai ka sake buɗewa. Haka boot.img.lz4 ɗinka ba ƙunshi ba ne, lz4 -d yake so. Shi kuwa tar.md5 tar ne zalla da aka liƙa wa lambar tantancewa a ƙarshe, tar xf ya ishe shi.

Ni na taɓa adana kayan wata sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da 7z, ranar da na dawo da su na tarar bayanin mai fayil da rukuninsa duk babu, domin tsarin 7z ba ya riƙe su. Kwana na yi ina gyarawa da hannu. Tun ranar, ajiya ta Linux sai tar da zstd.

Ɗalibi_Akoka:

Yaya, a nan zan ɗan saba miki. Zstd yana da sauri, na yarda, Yann Collet ya yi aiki, kuma GNU tar yana karɓar --zstd tun 2019. Amma wanda zai tura wa abokin sana'a fayil ta WhatsApp, zip ya fi masa, kowace waya na buɗewa. Kuma in ana maganar manhaja ɗaya mai buɗe komai, a riƙa sabunta ta. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1. Manhajar da kullum take cin fayilolin da ba a san asalinsu ba, bai kamata a bar ta ta tsufa ba.

Mai_filashin_Ikeja:

Allah Ya saka muku da alheri. Baba, zancenka ne: na rubuta file, ya ce RAR archive data, v5. Bsdtar ya tsaya a kan kalmar sirri kamar yadda Yaya ta ce, sai na koma 7z x, na samo kalmar a shafin da na sauke shi, ya buɗe tas. Na kira matar, ta ce gobe da safe za ta shigo kafin hanya ta cushe. Yaya, rar mai kashi uku ɗin nan fa, part1 kawai zan ba shi ko sai na haɗa su tukuna?

Injiniya_Yaba:

Part1 kawai. Ka dai tabbatar duka ukun suna cikin folda ɗaya, kuma ba ka taɓa sunayensu ba, zai bi sauran da kansa.