Makrofaj da aktibasiyon, mi za mu ce masu da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku kama mani. SVT, wato kimiyyar halitta da ta ƙasa, nike koyarwa a wani lise nan Maradi, jiya muna kan darasin garkuwar jiki wata ɗaliba ta ce malam faɗa muna da Hausa, nan hwa na cije a kan kalma biyu.

Ta farko makrofaj, wata ƙwayar garkuwar jiki mai cinye ƙwayoyin cuta. Asalinta Girkanci ne, wato babban maci, masanin kimiyya Metchnikoff da ya ci Nobel a 1908 shi ya raɗa sunan. Abokin aikina ya ce "maciya", ni na fi son "haɗiyau" don ba tauna take ba, ɗungurungum take haɗiye ƙwayar cuta.

Ta biyun ce ta hana ni barci, aktibasiyon, wato ƙara wa haɗiyau ƙarfin kashe ƙwayar cutar da ta haɗiye. Wasu sun ce "tadawa", wasu "kunnawa", ba su gamshe ni ba don haɗiyau ba kwana take ba, ta riga ta haɗiye ƙwayar tarin huka amma ƙwayar na nan cikin cikinta da ranta har tana hayayyafa, ta kasa kashe ta. Sai ta fiddo ɗan guntun ƙwayar ta aza a jikinta, wata ƙwayar garkuwar jiki da ake ce wa ƙwayar T mai alamar CD4 ta zo ta gane shi ta manne mata, furotin CD40L na jikinta ya kama furotin CD40 na jikin haɗiyau, sannan ta feso mata wani sinadarin saƙo mai suna intaferon gamma. Nan take haɗiyau za ta ɗau zafi ta shiga haɗa guba irin su nitirik oksid, ta narkar da abin da ke cikinta.

Wanga abu ni "zuga" nike ganinshi. Garwashin maƙeri da wutarshi, zugazugi ke sa ya yi jawur. Ko filin kokowa, ɗan kokowa ya riga ya riƙe abokin karawarshi, makaɗi ya zuga shi da kirari sai ka ga ya ɗaga mutum sama. Kenan ƙwayar T ita ce "mazugiya". Har ya sauƙaƙa bayanin sida, tana kashe masu CD4, babu mai zuga, shi ya sa tarin huka ke saurin kada masu ita.

Wani ya ce mani zuga kalmar fitina ce, a zuga mutum ya yi ɓarna. Ai nan ma ta dace, in zugar ta wuce kima gubar haɗiyau naman huhun kanshi take ci.

Litinin zan koma ajin, likitoci da masu Hausa a baki in da wadda ta fi waɗannan ku aje mani nan kafin ranar.