Ya janye sharhin gaba ɗaya, ko ya gyara wurin kuskuren kawai?

Auta (Jidda): Salamu alaikum. Yaya Ustaz, da girmanka, amma sharhin da ka rubuta kan kundin waƙoƙin yaronmu na Maiurno, garin Hausawa a Sudan, bai yi mini daɗi ba. Waƙa goma ya fitar da kuɗin aljihunsa a wannan hali na yaƙi, kai kuma ka ce na'urar gyaran murya ta cinye muryarsa, Hausarsa ta karye, kiɗan duk na kwamfuta ne. Ga shi makaɗin ya fito ya ce dalluka, gangar nan ta Sudan da ake bugawa da hannu, ta gaske ce ya buga a waƙa ta huɗu. Tunda an kama kuskure, ka janye sharhin duka.

Ustaz (Gadarif): Wa alaikumus salam, ƙanina. Maganar dalluka gaskiya ce, kunnena ya kuskure. Na sake saurare sau uku da abin sawa a kunne, na ji tafin hannu a kan fata. Na gyara jiya, na rubuta a fili cewa na yi kuskure, na kuma nemi afuwar makaɗin. Sauran kuwa ina nan a kai.

Auta (Jidda): Wanda bai taɓa rera baiti ɗaya ba, da wane ma'auni yake auna mawaƙi?

Goggo (Kassala): Auta, ɗana, ni ban taɓa saƙa ba, amma in aka miƙo mini zane na san wanda zarensa zai zube a wankin farko. Mu ne masu sauraro, don mu aka yi waƙar. Abin da na riƙe wa Ustaz daban ne. Ya yi gaggawa. Kundin ya fito Alhamis, sharhi ya fito Juma'a da safe. Waƙa tana son a kwana da ita, a ji ta ana tuƙa tuwo, a ji ta a gidan biki. Ta bakwai ɗin da ya wuce da layi ɗaya, ita ce jikokina ke rerawa tun safe.

Ustaz (Gadarif): Na karɓa, Goggo. Dare ɗaya bai isa ba, kuma gaggawar ce ta jefa ni cikin kuskuren dalluka.

Kawu (Maiurno): Ku ba ni wuri in yi magana kan Hausar, don nan ne abin ya fi damuna. A waƙa ta biyu yaron yana nufin gari, wato garinmu da ya bari, amma karin kiɗan ya sa ya ja gaɓar farko har kalmar ta koma garin tuwo. Sau shida a cikin amshi. Hausa tana da hawa da sauka, tana da ja da taƙaitawa, shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata ya saki, ka ji sunanka ya fito. Idan aka fara ɗora kiɗa a fiyano sannan aka tura kalmomi su bi, dole wasu su karye. Kakanninmu sun baro Burmi a Najeriya bayan yaƙi da Turawa a 1903, sun zauna a bakin kogin nan na Nilu, kuma har yau ba mu yar da harshen ba. 'Ya'yanmu Larabci suke yi a makaranta da kasuwa, waƙa ce ta rage musu. In ba a faɗa wa yaron nan ba, yara dubu za su haddace kalmar a karye.

Auta (Jidda): Kawu, ban ƙi ba. Amma an taɓa tsangwamar Aisha Falatiya ma, har ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman a 1942. Da ta biye wa masu suka fa?

Goggo (Kassala): Waɗancan cewa suke kada mace ta yi waƙa sam. Ustaz cewa ya yi yaron ya ƙara ƙoƙari, ya kuma yabi waƙa uku da sunansu. Kada ka haɗa su.

Auta (Jidda): To masu zagin Ustaz da ya yi wa shiru fa? Wasu sun ce girman kai ne.

Ustaz (Gadarif): Duk wanda ya kawo mini minti da daƙiƙa ya ce saurari nan, na amsa masa, ko da zafi ya zo. Wanda ya ce hassada nake yi, ba ni da abin da zan saurara a maganarsa. Goggo, zan zauna da waƙa ta bakwai mako guda, in rubuta mata nata daban.

Kawu (Maiurno): Auta, kai ke da lambar yaron. Ka ce ya kira ni bayan Isha'i, mu bi amshin nan kalma-kalma kafin ya hau dandali da shi.