Shin ware wani yanki na gona domin abincin dabbobi zai biya?

Mai Turke, Kurna:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Kurna, ina kuma noma gonarmu ta gado a wajen Gezawa, wadda ƙasarta jigawa ce mai ɗan gangare. A 'yan shekarun nan ruwan damina ya fara yanka kwari a gefenta, dawa kuma ba ta yin yabanya kamar da, ko da an zuba takin zamani. A gida ina turka raguna domin Babbar Sallah, amma kuɗin harawa a bazara yana cinye kusan duk ribar. Shin hikima ce in ware wani yanki in noma abincin dabbobi, ko kuwa rage hatsin iyali kawai zan yi?

Malamin Gona, Tarauni:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ba sai ka raba gonar biyu ba, domin wake yana ba da abincin mutum da na dabba a fili guda. Masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da ke da reshe nan Kano sun daɗe suna koyar da tsarin shuka layi 2 na dawa ko gero, sannan layi 4 na wake, maimakon tsarinmu na gargajiya inda ake cusa waken a ƙarƙashin dawa inuwa ta danne shi. Wake mai yaɗo irin kanannado yana rufe ƙasa da ganyensa, saboda haka ɗigon ruwa ba ya dukan ta kai tsaye, ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa kuma suna tara sinadarin naitirojin daga iska, wanda dawar baɗi za ta amfana da shi idan ka sauya wa layukan wuri.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke yin asara: idan kaka ta yi sukan tuge waken har da saiwa domin damin ya yi nauyi. Ka sa a yanke shi da lauje daga sama, a bar saiwar ta ruɓe a inda take.

Game da kwarin kuwa, ka ja kunyoyinka a gicciye, kada su bi gangaren, sannan ka dasa gamba a jere a bakin wurin da ruwan yake taruwa. Ana raba tushenta ne a dasa idan damina ta kankama, kuma da zarar ta kama, tana tare ƙasar da ruwa ya kwaso, ta kuma sake tohowa kowace shekara. Idan don dabbobi ne, a yanke ta tun tana ɗanya kafin ta yi fure, domin bayan haka takan yi tauri, sai dai zana. Irin lablab (wani dangin wake da ake nomawa domin abincin dabbobi) da sauran ciyayin kiwo kuwa, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ce ta fi shahara da su.

Uwar Awaki, Gwale:

Abin da zan ƙara shi ne batun adana, domin amfanin harawa yana cikin ganyenta ne. Idan aka bar ta a rana ta bushe ƙayau, aka kuma ɗaure ta da tsakar rana, ganyen yana karkaɗewa, sai ka isa gida da tsirarun sanduna. Mu da sassafe muke ɗaurewa, lokacin da raɓa ta sa ta yi laushi, sannan a ɗora a kan rufi ko wani wuri mai tsayi inda gara da danshi ba za su kai ba. Wanda ya iya riƙe ta daga kaka zuwa bazara, ko bai da rago ko ɗaya, zai sayar da ita da daraja.

Dattijon Fagge:

Ban ƙi maganar Malamin Gona ba, amma akwai sharaɗin da ya kamata a faɗa a fili. Duk damin harawar da ya baro gona zuwa birni, ƙarfin ƙasar ne ya baro, kuma idan bai koma a matsayin taki ba, gonar ta ci gaba da ramewa ko da an shuka wake kowace shekara. Dalilin da ya sa gonakin kewayen Kano suka jure noma shekara da shekaru ba hutu shi ne, iyayenmu suna fitar da kashin dabbobi da tokar gida a mangala bisa jakuna duk rani. Saboda haka, ɗana, motar da ta kawo maka harawa Kurna kada ta koma Gezawa babu takin turkenka.

Na biyu, lablab yana daɗewa da ɗanyen ganye bayan an gama girbi, lokacin da ake sakin dabbobi, don haka ko dai ka yi shinge, ko ka daidaita da makiyayan yankin tun da wuri a gaban mai unguwa. Idan kuma akwai 'ya'yan gawo da suka tsiro a gonar, ka hana 'yan ƙwadago sare su, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, 'ya'yansa kuma abinci ne a bazara.

Mai Turke, Kurna:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, batun takin zan fara da shi tun wannan ranin. Malam, ina neman ƙarin bayani a kan tazarar da ta dace tsakanin tushen gamba a bakin kwarin, da kuma ko jere ɗaya zai isa.