Zan yi tahiya cikin hunturu, ina zan bar karena?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙaton kare Boerboel, ga bikin ƙanwata a Kano ƙarshen Disamba, gida duka za mu watse. Tunda sanyin ga ya shigo ya daina kwana bakin get, sai ya lallaɓa bayan janareta, da asuba ka iske shi yana rawar ɗari. In bar ma maigadi shi ko in kai shi wurin masu ajiyar karnuka?

Abu Arkilla:
Wa alaikumus salam. Boerboel gashinshi gajere ne ba kamar Jaman Shefad ba, dole ya ji sanyi. Aza mishi katako da tsohon bargo, kar ya kwana kan siminti, ka toshe gefen da iska ke bugowa. In maigadi ya saba da shi bar shi gida kawai.

Maman Ikram:
Maigadi hwa? Namu tsoron karen yake, daga nesa yake jeho mishi abinci, muka dawo kwanon ruwa duk ƙura. Ni dai ajiya, amma Malam je ka gani da idonka tukuna, ka duba ko akwai kaska, kuma in ba su tambaye ka katin rigakafi ba juya abinka, don wurin da aka tara karnuka nan tari ke yaɗuwa, ga hazo kuma.

Ɗan Mabera:
Allurar haukan kare dai an yi mishi bara.

Abu Arkilla:
To lokaci ya yi, duk shekara ake sabuntawa. Kai shi asibitin dabbobi na jami'ar Ɗanfodiyo tun yanzu, can ma ka tambaye su wurin ajiya.