VPN na asibiti ya nuna an haɗu, amma manhajar bayanan majinyata ta ƙi buɗewa

Mai Kula da Masu Aikin Kwana:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana. Likitocin da ke jiran kira daga gida suna shiga tsarin asibiti ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga daga nesa ta intanet, da kwamfutar da aka ba su, mai Windows. Kalmar sirri tana shiga, lambar tabbatarwa da waya ke bayarwa tana shiga, manhajar VPN ta nuna an haɗu. Amma da an buɗe shafin bayanan majinyata sai ya yi ta juyawa har ya gaji. Wasu kuma shafin yana buɗe musu, sai hotunan CT su tsaya a rabi. A cikin asibiti, da kwamfutar nan dai, komai yana tafiya lafiya. Daga ina ya kamata a fara dubawa, kuma me likita zai iya gwadawa da kansa kafin ya kira masu kula da na'urori da tsakar dare?

Injiniyan Sadarwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Alamar an haɗu tana nufin abu ɗaya ne kawai: an buɗe bututu tsakanin kwamfutar da ƙofar asibiti. Ba ta ce komai a kan ko saƙon yana bi ta cikinsa ba. Matsaloli biyu kuka kawo, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Bari in ɗauki ta farko.

Gwajin da ya fi sauƙi: likita ya kashe wayifan gida, ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, ya sake shiga. Idan ya buɗe, laifin yana wajen rautar gida, wato na'urar da ke raba wayifai, kuma sau da yawa karon adireshi ne. Yawancin rautocin gida suna raba adireshin da ya fara da 192.168.0 ko 192.168.1. Idan wata sabar asibiti, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, tana zaune a kan 192.168.1.20, kwamfutar za ta ɗauka maƙwabciyarta ce a cikin gida, sai ta yi ta neman ta a falo, ba za ta tura saƙon cikin bututun ba. Maganin shi ne a shiga saitin rautar a canza adireshinta zuwa wanda ba kasafai ake amfani da shi ba, misali 192.168.57.1, a kashe ta a kunna, a sake haɗa kwamfutar. Gyara na dindindin kuwa yana hannun asibiti: kada a ɗora saba a kan waɗannan jerin biyu tun farko.

Idan ta waya ma bai buɗe ba, sai a duba ko kwamfutar tana gane sunan sabar. A buɗe baƙin allon umarni (Command Prompt), a rubuta nslookup, a bi shi da cikakken sunan sabar. In ya dawo da adireshin ciki, mai farawa da 10 ko 172.16 zuwa 172.31 ko 192.168, suna yana aiki. In ya ce bai san sunan ba, to kwamfutar tana tambayar DNS (mai fassara suna zuwa adireshi) na kamfanin intanet ne, shi kuwa bai san sabobin cikin asibiti ba. Umarnin ipconfig /all zai nuna wane DNS aka ba katin VPN. Idan wurin babu komai, aikin masu saita ƙofar ne, likita ba shi da abin yi. Wani lokaci tsohuwar amsa ce ta maƙale, ipconfig /flushdns yana share ta. Kuma a riƙa rubuta cikakken suna har da na yankin asibitin, domin gajeren sunan da ke aiki a ofis ba lallai ya yi aiki daga waje ba.

Jami'ar Tsarin Hotunan Asibiti:

Injiniya ya gama da ta farko, ni zan taɓa ta hotuna, don ita ce ke yaudarar mutane su ce intanet ne ba ƙarfi.

Kowane ƙunshin bayanai yana da iyakar girma, a al'ada bayit 1500. VPN yana naɗe kowane ƙunshi cikin nasa mayafin, don haka wurin da ya rage yana raguwa. Shi ya sa manhajojin VPN suke rage nasu: Cisco AnyConnect yana farawa da 1406, GlobalProtect da 1400, WireGuard da 1420. Idan layin gidan ya fi haka ƙunci, kuma wata katangar tsaro a hanya tana haɗiye saƙon da ke cewa ƙunshin ya yi girma, sai ƙananan abubuwa su wuce, manya su ɓace ba labari. Shafin shiga ƙarami ne, zai buɗe. Hoton CT kuwa ɗaruruwan yanka ne, kowane ƙunshi cike maƙil, nan zai tsaya.

Ga yadda ake ganewa. Bayan an haɗu, a baƙin allon umarni a rubuta ping -f -l 1372 sannan adireshin sabar. Lambar 1372 ta fito ne daga 1400 an cire bayit 28 na kan ƙunshi. In amsa ta dawo, a ɗan ƙara. In ba ta dawo ba, a rage da 20, a sake, har a samu wadda ta wuce. A ƙara mata 28, wannan shi ne girman da layin ke ɗauka, shi za a faɗa wa masu kula da na'urori su saita. Amma a fara da ping na yau da kullum tukuna, wato ping da adireshin kawai, don wasu asibitocin sun toshe shi gaba ɗaya, kada a ɗora wa girman ƙunshi laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma inda hoton ke zuwa amma kamar tafiyar hawainiya. A duba shafin ƙididdiga na manhajar VPN ɗin a ga ko ta UDP take bi ko ta TCP, hanyoyi biyu na aika ƙunshi. Cisco yana son bi ta DTLS a ƙofar UDP 443, GlobalProtect kuma ta IPsec a UDP 4501. In an toshe UDP, kamar yadda ake yi a wayifan otal da wuraren taro, sai su koma TCP 443 ba tare da sun yi ƙorafi ba. Ana haɗuwa, amma TCP a cikin TCP ne, kowanne yana sake aiko abin da ya ɓace, sai su riƙa taka ƙafar juna.

Mai Kula da Masu Aikin Kwana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sauran ɗaya: wasu da sun canza kalmar sirri sai asusunsu ya riƙa kullewa, ko lambar tabbatarwa ta waya ta ƙi karɓuwa.

Mai Tsaron Bayanai:

Malam, wannan kusan kullum wata na'ura ce ke ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar kalma: imel ɗin asibiti a waya, ko wayifan asibiti da wayar ta adana. Tana gwadawa a ɓoye har adadin kuskure ya cika, asusu ya kulle. A sabunta kalmar a ko'ina lokaci guda. Ita kwamfutar kuma tana riƙe da tsohuwar har sai ta gana da sabar asibiti, saboda haka a shiga da tsohuwar, a haɗa VPN da sabuwar, a danna maɓallin Windows tare da L don kulle allo, a buɗe da sabuwar.

Lamba mai alƙaluma shida tana canzawa duk daƙiƙa 30, kuma daga agogon wayar ake lissafa ta. Wayar da aka saita agogonta da hannu, ko da minti biyu ta kauce, lambarta na iya ƙin shiga. A mayar da agogon ya riƙa saita kansa. Agogon kwamfuta ma haka: Kerberos, tsarin tantance masu shiga da Windows ke amfani da shi, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5 a saitinsa na asali. A kuma cire duk wata manhajar VPN ta kasuwa, don suna rigima a kan hanya da DNS.

Abu biyu da ba na sassautawa a kansu. Idan waya ta nemi a amince da shiga alhali likita bai nemi shiga ba, kada ya danna don ta yi shiru. Wani ne ke riƙe da kalmarsa, ya ƙi, ya sanar nan take. Sannan in VPN ya ƙi da dare, kada a ce wani a ciki ya ɗauki hoton allo ya turo ta WhatsApp, sunan majinyaci da lambarsa suna jiki. A yi waya da likitan da ke ciki a tattauna, ko a taso a zo. Wanda zai kira masu gyara kuma ya riƙe lokacin da abin ya faru, ainihin rubutun kuskuren, sakamakon nslookup, da ko ya gwada ta intanet ɗin waya.