Don Allah me za mu kira sakoidosis da Hausa?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka min, gobe ƙarfe tara na safe zan shiga shirin lafiya a rediyo nan Gombe kuma har yanzu ban samu sunan da zan kira ciwon nan sakoidosis ba. Abin ya taɓa ni ne wallahi, innata sai da ta yi wata shida tana shan maganin tibi tari bai tsaya ba kafin a gane ba tibi ba ne. Sannan me zan kira gwajin jinin da ke nuna ko ciwon na ci?

Likita daga Pantami: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Ƙananan ƙullutai ne ke fitowa a jiki, kusan mutum 9 cikin 10 a huhu ko kaluluwar cikin ƙirji, shi ya sa a eksire za ki ga kaluluwa ta kumbura dama da hagu a gindin huhu, nan ake rikita shi da tibi. Hoton na'urar CT ya fi nuna cikin huhun, hoton na'urar PET kuma yana nuna inda ciwon ke ci a yanzu. A jini muna duba sinadaran ACE da CRP da kalsiyam, amma fa kar ki ce wa mutane jini kaɗai ya isa, ACE yana hawa a wasu cututtukan, a wasu masu ciwon kuma ba ya hawa sam. Ni dai zan kira shi ciwon ƙullutun huhu.

Malamin Hausa: Likita ai ka gama maganar da kanka. Ƙullutau kawai, kamar yadda muke cewa sanƙarau. Likita Boeck na Norway da ya raɗa wa ciwon suna a 1899 ai daga kalmar Girkanci ta nama ya ɗauko, mu me zai hana mu ƙirƙiri namu?

Ɗan Bolari: Malam asibiti da likita ma aro ne, babu wanda ya ce ba Hausa ba ne. Tsohuwa a Kumo in ta ji ƙullutau za ta ɗauka maruru ne.

Malamin Hausa: Kasala ce kawai. Ku da a Gombe ko namiji da mace ba ku rabewa a magana za ku gyara mana Hausa?

Ɗan Bolari: A'a Malam, kar ka kai mu can, Hausarmu ta ishe mu kasuwa da masallaci, kuma mutanen Gombe za a yi wa shirin ba na Kano ba.

Mai shirin lafiya: Don girman Allah ku bari, dare na yi. Na jinin fa?

Likita daga Pantami: Alamomin kumburi a jini. Ki fayyace dai kumburin na cikin jiki ne, ba jinin ne ya kumbura ba. Kuma ki jaddada ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sannan sai an gwada kaki an tabbatar ba tibi ba ne kafin a fara sitiroyid, wato maganin rage kumburi, don yana iya tsananta tibi.

Mai shirin lafiya: Na gode Likita. Zan ce sakoidosis, wato ciwon ƙullutun huhu, na kuma ce yana taɓa fata da ido.

Malamin Hausa: To ai kin ga matsalar, in ya fito a ido ina huhun yake? Ki dai ambaci ƙullutau ko sau ɗaya ne.

Mai shirin lafiya: Sau ɗaya Malam, in lokaci ya ragu.