Na mai da obin ɗina wurin ajiya, yanzu roba ta narke a ciki

Uwar 'Yan Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan kayan girki, domin abin da ya faru da ni shekaranjiya har yanzu bai sake ni ba.

Kicin ɗina ɗan ƙarami ne, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya raɓe da bango. Kukar da nake amfani da ita ta gas ce, mai kai huɗu da obin a ƙasa, shekara shida ke nan tana hannuna. Gashi kuwa jefi-jefi nake yi, sai wata ya zo ya wuce ban kunna obin ɗin ba. Da na ga wuri na zaune a banza sai na fara zuba tiren gashi biyu da wani kaskon ƙarfe mai nauyi. Daga baya murafan tukwane suka bi, don su ne kullum ke zamewa daga kan kanta. Kafin in ankara har robobin da nake sa abinci a firji sun koma can, guda bakwai masu shuɗin murfi a cikin juna, ga katakon yanka, ga tsumman sauke tukunya. Ni kaɗai nake girki a gidan, na san abin da ke ciki, ban taɓa kunnawa ban kwashe ba.

To ƙanwata ta zo mana hutu, ta ce za ta yi wa yara kek. Ina ɗaki ina lallaɓa 'yan biyu su yi barci. Kukar irin mai kunna kanta ce, dannawa kawai za ka yi ka murɗa, ba sai ka buɗe ƙofa ka ƙyasta ashana ba. Ta murɗa zuwa digiri 180 don ya yi zafi, ta juya tana kaɗa ƙwai. Ba a fi minti goma sha biyu ba na ji wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Na fito da gudu na tarar hayaƙi na fita ta bayan kukar. Na rufe gas daga kan silinda, na buɗe taga, na ce ta kwashi yaran su fita waje, sannan na ja ƙofar obin. Robobin nan bakwai sun zama dunƙule guda, suna ɗiga ta tsakanin ragar ƙarfe zare-zare har ƙasa. Gefen tsumman ya yi baƙi ƙirin, kaɗan ya rage ya kama. Yarinyar nan kuka take ta yi tana ba ni haƙuri, ni kuwa na san ba ta da laifi, wa zai zaci akwai roba a inda ake gashi?

Tambayoyina uku ne. Yaya zan cire robar da ta daskare? Idan na cire, zan iya sake gasa abin da yara za su ci a ciki? Sannan maigida ya ce in kwashe komai, kar in sake ajiye ko cokali. Wallahi ba ni da inda zan kai su. Shin babu abin da za a iya bari a ciki hankali kwance?

Mai Gyaran Kuka ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa. Rufe gas daga silinda da kika yi shi ne daidai. Abu ɗaya zan gyara miki: da tsumman ya riga ya kama, buɗe ƙofar nan iska za ta ba wutar ta taso miki a fuska. Idan wuta ta tashi a cikin obin, a kashe shi, a bar ƙofar a rufe, iskar ciki na ƙarewa wutar kan mutu da kanta. Kuma kar a watsa ruwa, musamman idan akwai mai a ciki.

Maganar cirewa. Ki zare ragar ƙarfen ki fita da ita. Sanyi ne maganin robar da ta daskare: ki sa ragar a firiza in za ta shiga, in ba za ta shiga ba ki ɗora mata ƙanƙara a leda kamar rabin awa. Robar za ta yi tauri ta dinga ɓallewa ɓaro-ɓaro. Haka za ki yi wa ƙasan obin ɗin, sai dai ki kankare a hankali da abu mai faɗin baki, kar ki sa tsinin wuƙa, don idan fentin nan mai santsi ya fashe tsatsa ce za ta shiga. Ɗan abin da ya ƙi fita, ki kunna a wuta mafi ƙanƙanta na 'yan mintuna har ya yi laushi, ki kashe, ki ɗebe da cokalin katako, taga a buɗe, yara ba sa kusa.

Inda na fi damuwa shi ne ƙarƙashin farantin ƙasa. A obin na gas, bututun da wuta ke fitowa yana nan ƙasa, kuma farantin yana da ramuka da zafi ke bi ya hau. Idan roba ta zurara ta nan ta toshe ƙofofin wutar, gas ba zai ƙone da kyau ba. Ki duba harshen wutar: shuɗi ya kamata ya kasance, a jere, ba giɓi. In kika ga ruwan ɗorawa, ko gefe guda ba ya kamawa, ki kashe ki kira mai gyara. In komai lafiya, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki kunna shi babu komai a ciki a 220 na wajen minti arba'in. Ki maimaita har wari ya ɗauke gaba ɗaya. Ranar da ya yi zafi ba ki ji komai ba, ki gasa abinki.

Don ki ga yadda abin yake: robar da ake leda da wasu murafai da ita tana narkewa tsakanin digiri 105 zuwa 135. Mai ƙwarin, wadda ake yawan yin robobin abinci da ita, tana kaiwa wajen 160. Kek kuwa 180 yake so. Ke nan babu robar kicin ta yau da kullum da za ta tsira. Baƙin mariƙin tukunya ma yawanci iyakarsa wajen 175 zuwa 180, ya wuce haka sai ya fara wari yana tsagewa. Kaskon da abinci ba ya kama shi, shafen da ke jikinsa yana fara lalacewa idan ya haura 260, kuma kasko da babu komai a ciki yana saurin ɗaukar zafi. Ni dai ra'ayina ɗaya da maigidanki. Na ga abin da ya ishe ni a wannan aikin.

Kakar Yara ta rubuta:

Ɗiyata, sannu da wannan tashin hankali. Malam mai gyara ya faɗi gaskiya, amma shi ba ya tsayawa a kicin mai faɗin tabarma da murafai goma sha biyar. Ni na fi shekara talatin ina ajiya a obin, kuma doka ɗaya na kafa: abin da ba zai ji komai ba idan an kunna, shi kaɗai ke kwana a ciki. Tiren gashi, gwangwanin kek, kaskon ƙarfe zalla mai mariƙin ƙarfe. In an manta da su, iyaka su yi zafi a sa tsumma a fitar. Roba, katako, takarda, tsumma, kwalbar mai, murfin gilashi mai kan roba, duk ba su da gurbi.

Kin ce ke kaɗai kike girki kuma kin san abin da ke ciki. To ai ba ke ce abin tsoron ba, wanda ya zo bayanki ne: ƙanwa, miji, 'yar aiki, yaron da ya fara tasawa. Ni abin da nake yi, ina zare abin murɗawar obin ɗin, yawancinsu ja kawai ake su fita, in saka shi a cikin tire a cikin obin ɗin. Duk mai son kunnawa dole ya buɗe ƙofa ya ɗauko, idonsa kuwa zai faɗa kan abin da ke ciki.

Kuma don Allah mata a daina tura ragowar abinci cikin obin wai don ƙuda ko kyanwa. Obin da aka kashe ba firji ba ne. Ga mantuwa, kwana uku sai wari ya tona. Ga kyankyaso da ɓera, waɗanda in suka gano akwai abinci a nan sai su shige cikin audugar da ke tsare zafi a jikin bangon su yi gida, fitar da su aiki ne ja.

Mai Gasa Burodi ta rubuta:

Yaya, ni kullum obin ɗina a kunne yake, don haka ajiya ba ta taso ba. Amma kar tsoro ya sa ki ɗauka gashi kaɗai yake yi. Idan naki yana da ƙwan fitila a ciki, kunna fitilar kawai ba tare da wuta ba yana ɗumama cikin kaɗan, kuma yis ɗumi yake so, wajen digiri 25 zuwa 35. A nan nake sa kwaɓin burodi ya tashi lokacin sanyi. In babu fitila, kwanon ruwan zafi a ƙasa ya wadatar. Sai dai ko a nan kwanon ƙarfe nake amfani da shi, kuma ina manna takarda a kan abin murɗawar, saboda na taɓa asarar kwaɓi guda a hannun ɗana.

Kaskon ƙarfen nan da kika ambata ma obin ne abokinsa. Ki shafa masa mai siriri sosai, ki goge kamar kina son cirewa, ki kifa shi a 220 na awa ɗaya, ki bar shi ya huce a ciki. Man zai kama jikinsa ya zama baƙin shafe mai hana tsatsa da kamu.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

'Yar'uwa, na ji daɗi da kika fara fitar da yara, hayaƙin roba ba abin wasa ba ne ga ƙirjin jariri. Idan kika ga tari ya ƙi tsayawa ko numfashi na fita da ƙara, ki kai su a duba.

Tunda ana maganar amfani da obin ba don girki ba, akwai wanda ya fi ajiya haɗari nesa ba kusa ba, kuma mutane na yin sa da kyakkyawar niyya: a kunna obin na gas, a bar ƙofarsa a buɗe, a rufe tagogi don ɗaki ya yi ɗumi. Gas idan bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Warin da muke ji idan gas na yoyo wani sinadari ne da aka ƙara masa da gangan, ita wannan ba ta da irinsa. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci, kuma mai barci ba ya sanin yana shaƙa. Idan mutanen gida suka kama ciwon kai lokaci guda, suka ji sauƙi da sun fita waje, a kashe komai a fita, a nufi asibiti. Shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin don kar ya yi datti ma yana iya toshe ramukan da malam ya ambata ya jawo wannan matsalar.

Haka masu sa wayar da ta faɗa ruwa a obin wai ta bushe. Batirin waya ba ya jure zafi, yana kumbura ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Takalmi da kayan yara da suka jiƙe su ma a bar wa iska.

Kan ragowar abinci, Mama Kakar Yara ta yi gaskiya. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a haka ba. Shinkafa ta fi ban tsoro, don akwai ƙwayar da dahuwa ba ta kashe irinta, kuma dafin da take saki ɗumame ba ya karya shi.

Na ƙarshe, tunda 'yan biyu gare ki: yaro in ya ga ana fito da kaya daga obin, zai ɗauke shi kabad. Zai buɗe, zai taka ƙofar ya hau, kukar kuwa tana iya rinjayowa kansa da tukunyar da ke bisa. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaure bayanta da shi a bango ko a ƙasa, ki sa a duba ko taki na da shi.

Uwar 'Yan Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dabarar ƙanƙara ta yi aiki, robar ta dinga ɓallewa a hannuna, sai wani ɗan shuɗin tabo a kusurwa da sai da na ɗumama ya fita. Na leƙa ƙasa kamar yadda malam ya ce, na ga gefen hagu na wutar yana ba da ruwan ɗorawa, don haka na kashe ban sake taɓawa ba, mai gyara zai zo gobe da safe. Zan nuna masa maganar ƙarfen bango ma, domin na jijjiga kukar na ga tana motsi, kuma ɗaya daga cikin 'yan biyun ya fara kama abu yana miƙewa.

Mun zauna da maigida mun daidaita a kan dokar Mama. Tire biyu da kaskon ƙarfe za su koma, shi ke nan. Murafan na buga ƙusoshi a bayan ƙofar kicin na ɗaura igiya biyu, sun jeru a nan, har sun fi sauƙin ɗauka. Katakon yankan na jefar, don warin ya shige shi. Abin murɗawar kuma na gwada, ya fita da ja ɗaya, yana cikin tire yanzu haka.

Ƙanwata tun ranar ba ta yarda ta shiga kicin ba. Na ce mata da zarar an gyara, ita za ta fara gasa kek ɗin, ina tsaye kusa da ita. Malam, idan an share bututun wutar, sai na sake ƙona shi babu komai a ciki na minti arba'in ɗin, ko wankewa ta isa?